ZANCEN MAHARBA: KOWACE BINDIGA DA ALBARUSHINTA

A wannan wata takardu biyu suka zo wa wannan shafi, kuma duka a kan abu ɗaya suke, watau albarushi. Ta farko daga wani ɗan'uwanmu ce wanda zama ya kai shi Afirka ta Kudu, ya daɗe can har ya sami lasin farauta. Ya ga maharban ƙasar suna ɗura harsashinsu da hannunsu, to yana so a faɗa masa yadda ake zaɓen albarushi don raifal matsakaiciya. Ta biyu kuwa wani saurayi ne a nan Lusail, zai tafi Kano hutun Salla, kawunsa mai adaka ya aiko masa ya taho da "albarushin Turawa mai ƙarfi" tsaraba, yana tambaya ina ake samu.

Amsar ta biyu gajeriya ce: ɗana, kada ka nema, kada ka kai. Amma tun da yaran yanzu ba su karɓar hani sai da dalili, bari mu ɗauko zancen daga tushe, don dalilin da zai amsa tambayar farko shi ne zai amsa ta biyu.

ALBARUSHIN KAKANNINMU

Kalmar albarushi daga Larabci muka aro ta, su suna cewa barud. Mutanen ƙasar Sin suka fara haɗa shi, yau fiye da shekara 1,000. Abu uku ke cikinsa: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri wanda Larabawa ke kira milhul barud, watau gishirin albarushi. Shi wannan gishiri shi ke ba wutar iskar da take bukata, shi ya sa albarushi ke ci ko a cikin bututun da aka toshe.

Ƙasarmu ta daɗe da saninsa. Mai Idris Aloma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa tun wajen ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a kan shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Sarkin Damagaram Tanimu kuwa, wanda ya rasu a 1884, har igwa aka riƙa zuba masa a birnin Zinder, ana kuma haɗa albarushi a can.

Sa'an nan a 1890 Turawa suka taru a birnin Brussels suka ƙulla sharaɗi cewa ba za a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani ba, sai dai bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushi na kasuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa adaka ta zauna a hannun maharbanmu da 'yan bindigar sarki har wa yau, alhali a Turai tuni ta koma gidan ajiye kayan tarihi.

Halin baƙin albarushi sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla. In ya tashi, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka yake zama da hayaƙi. Tokar nan tana liƙe wa cikin bututu, tana jan laima, in ba a wanke ba ta ci ƙarfen. Ƙarfinsa kuma yana da iyaka, shi ya sa ake auna shi da ma'auni irin na awon hatsi, ba a kan sikeli ba.

ZUWAN MARAR HAYAƘI

A 1846 wani masani, Schönbein, ya bayyana cewa in aka jiƙa auduga da wasu ruwaye masu ƙuna sai ta koma abin fashewa. An sha wuya kafin a iya sarrafa ta. Sai a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya narkar da ita ya mai da ita 'yan falle-falle masu ci a hankali. Suka sa masa suna Poudre B, ƙarfinsa ya yi kamar uku na baƙin albarushi, hayaƙi kuwa kaɗan, aka yi bindigar Lebel dominsa a 1886. Alfred Nobel ya fito da nasa a 1887. Ingilishi kuma, ta hannun Frederick Abel da James Dewar, suka fito da cordite a 1889, wanda ake yi dogo-dogo kamar taliya. Harsashin .303 da sojan Ingila suka ɗauka a 1888, da baƙin albarushi aka fara ɗura shi, ba a jima ba aka juya shi zuwa cordite.

To, ga abin da nake so kowa ya riƙe. Albarushin zamani in an zuba shi a fili an sa masa ashana, ci yake yi bal-bal, ba ya fashewa. Amma in an tsare shi cikin kwanso, matsin iskar da yake fitarwa yana ƙara masa saurin ci, saurin cin kuma yana ƙara matsi, haka suke ta ingiza juna cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Harsashin .30-06, wanda Amurka ta fitar a 1906, an yanke masa iyakar matsi laba 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Na .308 da na .375 kuwa laba 62,000. Wannan nauyi duka yana tsaye ne taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Don haka a Ingila akwai gidajen jarraba bindiga, na London tun 1637, na Birmingham tun 1813, inda ake ɗura wa sabuwar bindiga fiye da kima a harba, in ta jure a buga mata hatimi kafin a sayar.

YADDA AKE ZAƁE

Yanzu ga amsar ɗan'uwanmu na Afirka ta Kudu. Abin da ake kira raifal matsakaiciya ita ce wadda faɗin bakinta ya kama daga wajen milimita 8 zuwa 9.5. Biyu suka fi suna a Afirka. Ɗaya ita ce 9.3x62, wadda Otto Bock na birnin Berlin ya tsara a 1905 don Jamusawa mazauna Afirka su sami bindiga mai araha a kan ƙirar Mauser. Ɗayar ita ce .375 ta kamfanin Holland & Holland na London, ta 1912, wadda ƙasashe da dama suka yanke cewa ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari ɓauna da shi. Amurkawa suna da tasu, irin su .35 Whelen da .338 Winchester ta 1958. Da irin waɗannan ake harbin gwanki da kanki da mugun dawa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne saurin cin albarushi. Masu yinsa sun jera shi tun daga mai sauri har zuwa mai nawa. Mai sauri na ƙaramar bindigar hannu ne da bindigar tsuntsaye, yawancinsa falle-falle ne sirara. Mai nawa na raifal ne, ƙwayoyinsa kamar gutsattsarin tsinke, wasu da 'yar kafa a tsakiya, an kuma shafe su da abin da ke rage wa wuta gaggawa. Akwai kuma mai kamar ƙwayar gero, wanda aka fara yi a Amurka a 1933. Kamfanin Vihtavuori na ƙasar Finland yana jera nasa da lamba, N130, N140, N150, N160, gwargwadon hawan lamba gwargwadon nawa. Haka Somchem na Afirka ta Kudu, S335, S355, S365.

Me ya sa raifal matsakaiciya ke son na tsakiya? Ku kwatanta taron jama'a da ke fita daga masallaci. In ƙofa ƙarama ce, jama'a kuwa da yawa, tilas a fita sannu a hankali, in an yi gaggawa a tattake juna. In ƙofa mai faɗi ce ana iya ɗaga ƙafa. To bakin bindiga shi ne ƙofa, cikin kwanso shi ne masallaci. Kwanso babba mai ƙaramin baki sai albarushi mai nawa ƙwarai. Baki mai faɗi kuwa, da harsashi ya fara tafiya sai fili ya buɗe a bayansa da sauri, matsi ya faɗi, saboda haka in albarushin ya cika nawa ba zai gama ci ba, ƙarfinsa ya tafi a banza a waje. Shi ya sa in ka buɗe littattafan ɗuri a shafin 9.3x62 ko .375 za ka yi ta cin karo da sunaye irin su N140, da Varget, da IMR 4064, da Reloder 15, da S355.

Abu na biyu nauyin harsashi. Mai nauyi yana da wuyar turawa, yana daɗewa bai gusa ba, matsi yana taruwa a bayansa. Don haka in an ƙara nauyin harsashi ana rage yawan albarushi, sau da yawa kuma a matsa zuwa wanda ya fi nawa. Ita .375 tun asali nauyi uku aka yi mata, 235 da 270 da 300, da awon da suke kira giren. Giren 7,000 ke cikin laba ɗaya, giram ɗaya kuwa giren 15 ne da ɗan ɗori. Kun ga awo ne na sikelin mai sayar da zinariya, wanda ya ce zai auna da cokali ko da ido ya sayi rigima.

Abu na uku cikar kwanso. Gwanaye sun fi son albarushin da awonsa na daidai zai kusa cika kwanso. Amfaninsa biyu ne. Wuta tana kama shi bai ɗaya kowane harbi, harsashi ya riƙa faɗa wa wuri guda. Kuma in mutum ya yi mantuwa ya zuba sau biyu, zai zube a kan tebur ya gani. Kada kuma wani ya zaci ragewa kullum lafiya ce. Albarushi mai nawa in an rage shi ƙasa da abin da littafi ya faɗa, yakan kama wuta a hargitse, an sha ganin bindigar da ta lalace ta haka.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran, shi ne littafi. Kowane kamfanin albarushi yana buga awon da ya jarraba da na'urar auna matsi, da mafari da iyaka, ga kowane harsashi. Daga mafari ake somawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duba kwanso. In ƙugiyar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko 'yar ƙwayar tartsatsin da ke gindin kwanso ta baje, ko gindin ya fito da tabo mai sheƙi, an riga an wuce gona da iri, sai a koma baya. Da gangan ban rubuta awo ko ɗaya a wannan shafi ba, don awon da aka ji a bakin aboki ko aka kwafa daga takarda irin tamu ba abin dogara ba ne. A kula da suna kuma. IMR 4350 da H4350 lambarsu ɗaya, amma albarushi biyu ne, kowanne da shafinsa, haka IMR 4895 da H4895. Gwangwani ɗaya kaɗai ake ajiyewa a kan tebur lokacin ɗuri, ba a kuma gauraya iri biyu ko da saura kaɗan ne.

ZAFIN RANA

Mu mazauna ƙasashen zafi muna da ƙarin abin lura. Albarushi in ya ɗumama yana ƙara saurin ci, matsi ya hau. Ingilishi sun koyi wannan da cordite a Indiya da Afirka, inda kwanso ya riƙa maƙalewa cikin bindiga a gaban dabba mai haɗari, har kamfanoninsu suka riƙa yin ɗuri na musamman mai sauƙi don ƙasashen zafi. In kun dubi kwanson .375 za ku ga ya tsuke sannu-sannu zuwa sama, wannan siffa tana taimakonsa fita ko ya kumbura. Yau akwai albarushin da aka yi don ya jure sauyin yanayi, kamar Varget da H4350 waɗanda ake yi a Ostareliya, duk da haka awon da aka jarraba da sanyin safiya sai an sake jarraba shi da zafin azahar. A nan Doha an auna zafi digiri 50.4 a watan Yuli na 2010, cikin inuwa ke nan, balle cikin motar da aka rufe a rana.

Zafi yana tsofar da shi kuma. Albarushin zamani yana ruɓewa a hankali, ana sa masa magani a ciki don ya tsare ruɓar, amma zafi yana cinye maganin. In an buɗe gwangwani aka ji wari mai tsami mai hawa hanci, ko aka ga ƙura ja kamar tsatsa, ya lalace, kuma yana iya kama wuta don kansa. Faransa ta ga haka da idonta. A 1907 jirgin yaƙinta Iéna ya tashi a tashar Toulon, mutum fiye da 100 suka halaka. A 1911 wani jirgin, Liberté, ya tashi a wannan tasha, fiye da 200 suka halaka. Duka biyu an ɗora laifin a kan Poudre B da ya tsufa a rumbun jirgi. Abin da ya fi ƙarfin gwamnatin Faransa, ɗakin haya ba zai iya da shi ba.

DALILIN DA NA HANA TSARABA

To ɗana mai tafiya Kano, yanzu ka ga inda zancen ya nufa. Adakar kawunka maƙeri ya yi ta, yawancin irinta da bututun famfo ake yi ko sandar sitiyarin mota, gindinta kuma toshe shi aka yi da walda ko da zare. Ba ta taɓa shiga gidan jarrabawa ba. Tana zaune lafiya ne don baƙin albarushi mai haƙuri ne. Kawunka kuwa ya saba da ma'auninsa na kullum, in ka ba shi sabon abu da wannan ma'auni zai auna, ya danna da sanda kamar yadda ya saba. Awo ɗaya na albarushin zamani a madadin baƙi ya isa ya tsaga bututu, kuma abin da ke tashi shi ne hannun hagu da ke riƙe da ita, da fuska, da wanda ke tsaye kusa. Masu farke harsashin bindigar tsuntsaye su juye abin cikinsa a adaka sun fi kowa shiga haɗari, don wannan yana cikin masu saurin ci duka. Haka masu kankare kan ashana. Su kansu kamfanonin Turai da Amurka masu yin bindigar ɗuri ta baki da ƙarfe mai kyau suna buga gargaɗi a jikin bututu cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa.

In kana so ka yi wa kawunka alheri, ka kai masa turare da shadda, ka kuma tuna masa abu huɗu waɗanda tsofaffin 'yan bindiga suka sani. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bakin bindiga, sai ta ma'auni, don garwashi yakan saura a ciki bayan harbi, in ya kama gorar ce za ta tashi a hannu. A danna ɗuri har ya zauna a kan albarushi, kada a bar sarari tsakani. A sa alama a jikin sandar ɗuri don a gane in akwai tsohon ɗuri a ciki, kada a yi biyu. A wanke bututu da ruwan zafi ran da aka yi harbi, a busar, a shafa mai. Shi baƙin ma iri-iri ne: mai manyan ƙwayoyi na babban baki, mai laushi kamar gari na kaskon ƙanƙara ne kaɗai, in an cika bututu da shi matsi ya yi yawa.

DOKA

Saura zancen hukuma, wanda mu baƙi ya fi shafa. A nan Qatar an kafa doka mai lamba 14 a 1999 a kan makamai da harsashi da abubuwan fashewa, lasin kuwa yana hannun Ma'aikatar Cikin Gida. Wanda aka kama da albarushi ba izini, ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba, sunan zango duka zai taɓu, ga iyali ga takardar zama. Jirgin sama kuma ba ya ɗaukar albarushi a kayan fasinja ko ƙwaya ɗaya. Abin da aka yarda shi ne harsashi ɗurarre cikin akwatinsa, kada ya wuce kilo 5, shi ma sai mai lasin da yardar kamfanin jirgi. A Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta raba su gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da na farauta masu lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, da na ɗuri ta baki irin adaka masu lasin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana mutum ya ƙera ko ya harhaɗa harsashi a gidansa. Ashe abin da ya halatta ga ɗan'uwanmu a inda yake, da lasinsa, bai halatta gare shi ba ran da ya sauka Kano ko Doha.

Wanda ke sha'awar harbi a cikin samarinmu ba a rufe masa ƙofa ba. Ga filin harbi nan na Lusail, inda aka yi gasar harbi ta wasannin Asiya a 2006, akwai malamai masu koyarwa a kan ƙa'ida. Nasser Al-Attiyah na ƙasar nan da harbin faifai ya ciwo lambar tagulla a London a 2012. Ga kuma baje kolin S'hail na kayan farauta da shaho da ake yi a Katara tun 2017, mutum ya je ya ba idonsa abinci.

Maharban da sukan ce wanda ya san dawa shi ke tsoronta. Malamanmu kuma sun hore mu da kyautata wa dabba ko wajen kashe ta, harsashin da aka ɗura da ka kuwa shi ke raunata gwanki ya tafi ya mutu a ɓoye, nama ya ɓaci, alhaki ya hau. In kunne ya ji, jiki ya tsira. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tambayar da aka aiko a kan harsashin dalma da na tagulla, da abin da likitoci suka gano game da gubar dalma a naman farauta. Masu tambaya su ba da takardunsu ga mai raba wannan takarda bayan sallar Juma'a, kamar kullum.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawun Zango